Tsofaffin Finafinai Goma da Gyara, Waɗanda Wayarka Ba Za Ta Taɓa Kawo Maka Ba

 

Yau maganar fim za mu yi, amma ba sababbi ba. Bari in fara da tambaya. Sau nawa ka zauna da daddare da niyyar kallon fim, ka kwashe rabin awa kana zaga yatsa a waya, ƙarshe ka sake kunna wanda ka riga ka kalla sau uku? Ni dai ya sha faruwa da ni. Dalili kuwa, manhajojin nan abin da suka ga kana so shi suke ta dawo maka da shi. In ka kalli fim ɗin harbe-harbe ɗaya, shi ke nan, an yanke maka hukunci har illa masha Allah. Ba za su taɓa ce maka ga wani fim na 1953 da zai hana ka barci ba.

Kuma abin ya wuce maganar nishaɗi kawai, domin fim yana mutuwa. A 2013 babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fitar da rahoto cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na dogayen finafinan Amurka na zamanin da ba a sa murya sun ɓace kwata-kwata. A Amurka fa, inda ake da kuɗi da kayan adana. To ina ga mu? Abin da babu mai tambayarsa babu mai adana shi. Shi ya sa na tattaro muku goma, kowanne daga ɓangare daban, sannan in ƙara muku gyara a ƙarshe, yadda mai tumatur yake yi wa tsohon kwastoma.

Sharaɗi ɗaya ne. Mafi yawansu baƙi-da-fari ne, wasu kuma sai ka karanta fassara a ƙasan allo. Ka ba kowanne minti ashirin kafin ka yanke masa hukunci. Idanunmu sun saba da bidiyon daƙiƙa talatin, sai an lallashe su.

Mu fara da dariya. Sherlock Jr., na 1924, na Buster Keaton. Shekara ɗari ke nan da ɗoriya. Minti 45 ne kacal, babu magana a ciki, saboda haka babu ruwanka da jin Turanci, kuma yana nan kyauta a YouTube. Labarin wani saurayi ne mai haska fim a sinima, burinsa ya zama ɗan sandan ciki. Sai abokin takararsa a wajen budurwa ya ƙala masa satar agogon baban yarinyar. Ya koma bakin aiki cikin baƙin ciki, barci ya kwashe shi, ya yi mafarkin ya taka ya shige cikin allon fim. Daga nan abin ya zama hauka. Yana zaune a lambu sai hoto ya canza ya tsinci kansa a tsakiyar titi, ya sake canzawa yana bakin dutse. Babu kwamfuta a lokacin, duk lissafi ne da awo. Akwai wurin da ruwan tankin jirgin ƙasa ya maka shi da ƙasa, ashe a nan ƙashin wuyansa ya tsage, bai sani ba sai bayan shekaru da likita ya ɗauki hoto. Ku kalla da ƙannenku, za ku ga yadda yaro ɗan shekara biyar da kaka za su yi dariya a wuri ɗaya.

Na biyu na masoya ne. The Shop Around the Corner, na 1940, daraktansa Ernst Lubitsch. Wani shagon sayar da jakunkuna ne da kayan kyauta a birnin Budapest. Ma'aikata biyu, Alfred da Klara, ba sa ga-maciji da juna, kullum cikin gaya wa juna magana. Amma kowannensu yana da wani masoyi na ɓoye da suke musayar wasiƙa ta akwatin gidan waya, ba suna, ba hoto. Kun riga kun gano, ko? Su biyun ne. Daɗin abin shi ne Alfred ya riga ta ganewa, sai ka zauna kana kallon yadda zai yi da wannan sirrin. Duk wanda ya taɓa kamuwa da son wani ta hanyar hira a waya, ya ƙera masa kamanni a zuciyarsa, zai ga kansa a nan. Fim ɗin yana tambaya: wanda kake so ɗin, mutumin ne ko hoton da ka zana? A 1998 an sake yin labarin da sunan You've Got Mail, amma ni a wajena na asalin ya fi zaƙi.

Na uku, ku gyara zama. The Wages of Fear, fim ɗin Faransa na 1953, na Henri-Georges Clouzot. Wani ƙauye ne a Kudancin Amurka cike da baƙin da suka maƙale, babu aiki, babu kuɗin komawa gida. Sai rijiyar man wani kamfanin Amurka ta kama da wuta, kuma ba ta kashuwa sai da wani ruwan nakiya wanda in ya girgizu kaɗan sai ya tashi. Ana buƙatar direbobi huɗu, motoci biyu, tafiyar kusan kilomita 500 a kan hanya mai gargada. Ladan kowa dala 2,000. Kuma kamfanin ya zaɓi waɗannan mutanen ne saboda ya san in sun mutu babu mai zuwa neman ba'asi. Zan faɗa muku gaskiya, kusan awa ɗaya ta farko tafiyar hawainiya ce. Ku daure. Da zarar an tada mota, wallahi ko ruwa ba za ka tashi sha ba. Babu bos, babu harbi, ramin hanya ne kawai abokin gaba. Akwai inda dole babbar mota ta yi baya a kan wani ruɓaɓɓen dandamalin katako da ke rataye a bakin kwazazzabo. A shekarar da ya fito shi ya lashe babbar kyauta a bikin finafinai na Cannes da na Berlin gaba ɗaya.

Na huɗu zai taɓa wasunmu a wuri mai ciwo, don haka ina faɗa tun da wuri: labarin garkuwa da mutane ne. High and Low, na 1963, na Akira Kurosawa daga Japan. Sunansa na asali yana nufin Aljanna da Wuta. Gondo babban jami'i ne a kamfanin takalma, ya jinginar da duk abin da ya mallaka don ya karɓe ragamar kamfanin. A daren da zai biya kuɗin sai waya ta yi ƙara, an sace ɗansa, a kawo yen miliyan 30. Nan take ya ce zai biya. Can sai ga ɗansa ya shigo falo lafiya lau. Ashe ɓarawon ya yi kuskure, ɗan direbansa ya ɗauka. Amma ya ce duk da haka sai Gondo ya biya. To jama'a, in kai ne fa? Dukiyarka kaf, a kan ɗan yaron gidanka? Kusan awa guda ana cikin falo ɗaya, direban yana tsaye a gefe kansa a sunkuye, ya kasa roƙo ya kasa shiru. Rabi na biyu kuma aikin 'yan sanda ne dalla-dalla, yadda ake bin ƙaramar alama har ta kai ga babba. Mu da wannan masifa ta zame mana labarin yau da kullum, wannan tambayar ta darajar ran talaka ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Allah Ya kawo mana ƙarshenta.

Na biyar na masu son tsoro ne. The Innocents, na 1961, daga Ingila, daraktansa Jack Clayton, jarumar kuma Deborah Kerr. An ɗauki wata mata aikin rainon marayu biyu, Miles da Flora, a wani ƙaton gida a ƙauye. Yaran suna da ladabi, ladabin ma har ya yi yawa. Sai ta fara ganin wani mutum a saman hasumiya, da wata mata cikin baƙaƙen kaya tsaye a hayin tafki, da rana tsaka. Babu jini ko ɗigo, babu dodon da zai faɗo maka a fuska. Abin da zai dame ka shi ne har fim ya ƙare ba za ka iya rantsuwa ba: fatalwa ce ta shiga jikin yaran, ko kuwa matar ce kanta ya taɓu take azabtar da su da sunan ceto? Mu da muka san yadda ake saurin cewa aljanu ne a kan kowace irin larura, akwai abin tunani a nan. Wannan kam ban da yara, kuma kar ka kalla kai kaɗai in an ɗauke wuta.

Na shida, mu leƙa Indiya, gidanmu na biyu. In na ce fim ɗin Indiya babu waƙa ko ɗaya, wasu za su ce ƙarya nake. To akwai: Ittefaq, na 1969. Kuma wa ya yi shi? Yash Chopra, mutumin da daga baya ya ba mu Veer-Zaara. Rajesh Khanna ne ya fito a mai zane da ake zargi da kashe matarsa. Ya tsere daga asibitin masu taɓin hankali cikin ruwan sama, ya faɗa wani gida inda ya tarar da mace ita kaɗai, wato Nanda, mijinta wai ya yi tafiya. Kusan duk labarin a dare ɗaya ne, a gida ɗaya. Da farko tausayinta kake ji. Can sai ya ga gawa a banɗaki, ya dawo da ita don ya nuna mata, babu gawa babu alamarta. Daga nan ba ka san wa za ka ji wa tsoro ba. An sake yin sa a 2017, amma ku nemi tsohon. Ku tambayi iyayenku da suka yi zamanin sinima, sun san Rajesh Khanna a matsayin sarkin soyayya, a nan kuwa wani mutum ne daban.

Na bakwai ya dace da zamanin nan da kowa ke maganar ƙirƙirarriyar basira. Colossus: The Forbin Project, na 1970, daraktansa Joseph Sargent. Amurka ta gina wata gagarumar kwamfuta a cikin dutse, ta miƙa mata ikon makaman nukiliyarta, aka kuma tsara ta yadda babu mai iya kashe ta. Hujjarsu ita ce na'ura ba ta fushi, ba ta tsoro. Ana kunna ta, ba a jima ba ta sanar da cewa akwai irinta a Tarayyar Sobiyet, kuma tana so a haɗa su. Aka haɗa. Suka fara da lissafin firamare, kafin wani lokaci sun ƙirƙiro harshen da babu ɗan'adam ɗin da ke ganewa. Da shugabannin ƙasashen biyu suka tsorata suka yanke layin, sai na'urorin suka harba makamai don a san da gaske suke. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne na'urar ba mugunta take nema ba. Zaman lafiya aka ce ta kawo, ta kuwa kawo shi, sai dai kuɗinsa 'yancin kowa. Shekara 14 ke nan kafin Terminator.

Na takwas, wanda za a kalla da dukan gida. Where Is the Friend's House?, wato ina gidan abokina, fim ɗin Iran na 1987 na Abbas Kiarostami. Ahmad yaro ne ɗan shekara takwas. Ya dawo daga makaranta ya ga ya haɗo da littafin aikin abokinsa bisa kuskure. Malam kuma ya riga ya yi gargaɗi a gaban aji cewa in abokin ya sake yin aikin gida a kan takarda ba a littafi ba, korarsa za a yi. Abokin a wani ƙauye yake, Ahmad bai san gidansu ba. Shi ke nan labarin, yaro yana gudu a kan tudu da littafi a hannu. Amma ku lura da manya. Uwa ta ce ya zauna ya yi aikinsa, kaka yana ba da lacca kan tarbiyya, kowa yana koya masa ladabi, babu mai sauraronsa, alhali shi ne kaɗai yake ɗauke da amana. Ni dai da na gama kalla sai da na tuna sau nawa na ce wa ƙaramin yaro ya yi mini shiru ba tare da na ji me ya kawo shi ba. A 1990 girgizar ƙasa ta afka wa yankin, daraktan ya koma neman yaran, tafiyar ta haifar da wani fim ɗin.

Na tara, mun dawo Afirka. Mandabi, na 1968, na Usman Sembene ɗan Senegal, kuma da harshen Wolof aka yi shi a lokacin da aka saba yin fim da Faransanci. Ibrahima magidanci ne a Dakar, mata biyu, 'ya'ya bakwai, babu aiki. Sai ɗan 'yar'uwarsa da ke shara a titunan Paris ya aiko da takardar karɓar kuɗi ta gidan waya, sefa 25,000. Kaso kaɗan ne ma nasa a ciki. Amma kafin ya ga ko sisi labari ya zaga unguwa. Mai shago ya buɗe littafin bashi, maƙwabta sun yi layi, kowa da tasa matsalar. Ya je karɓa aka ce sai da katin shaida. Katin shaida sai da takardar haihuwa. Takardar haihuwa sai ya faɗi ranar da aka haife shi. Hoto ma sai da aka cuce shi. Za ka yi dariya har ka riƙe ciki, sannan dariyar ta maƙale maka a wuya. Duk wanda yake da ɗan'uwa a waje, ko ya taɓa jin an ce masa ya dawo gobe, ya san Ibrahima. Fim ɗin ya samu kyauta ta musamman a bikin Venice na shekarar.

Na goma, tarihi da yaƙi, kuma tarihin namu ne. Sarraounia, na 1986, na Med Hondo ɗan Muritaniya, daga littafin marubucin Nijar Abdoulaye Mamani. Labarin Sarauniyar Lugu ne, ta ƙasar Arewa, wajen Dogon Dutsi. A 1899 wata rundunar Faransa ƙarƙashin hafsoshi biyu, Voulet da Chanoine, ta nufi tafkin Chadi tana ƙona garuruwa tana kashe mutane. Ita ce rundunar da ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Sarauniya ta ƙi miƙa wuya, ta yi yaƙi, sannan ta janye da mutanenta cikin daji. Fim ɗin bai yi wa kowa kara ba. Ya nuna cewa mafi yawan masu riƙe da bindigar 'yan Afirka ne, ya kuma nuna maƙwabtan da suka gwammace Bature a kan su mara wa mace baya. A Burkina Faso aka ɗauke shi, ya kuma lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987. Abin kunya ne a ce mun haddace yaƙe-yaƙen Turawa ta hanyar fim, amma wannan da ya faru a ƙofar gidanmu ba mu taɓa gani ba.

To ga gyaran da na yi alkawari, kuma shi ne dalilin shirin yau. Shaihu Umar, na 1976, da Hausa, daraktansa Adamu Halilu. Da yawanmu mun karanta littafin a makaranta, wanda Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta tun yana malamin makaranta a shekarun 1930. Yaron Kagara da aka raba da mahaifiyarsa, ya faɗa hannun masu cinikin bayi, Balarabe Abdulkarim ya riƙe shi kamar ɗa ya ƙetara sahara da shi, ya zama babban malami, ita kuma uwar ta bazama nemansa. Amma mutum nawa ne a cikinmu suka san an yi fim ɗinsa? Shekara da shekaru ana ɗauka ya ɓata. Sai a 2016 aka gano gwangwanayen fim ɗin a ma'ajiyar hukumar finafinai ta Najeriya. Wata cibiya a Berlin mai suna Arsenal ta gyara shi, aka haska shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. Ku duba fa, shekara arba'in yana kwance cikin duhu. Da an ƙara wasu shekaru, da sai dai labari.

Wannan ya tsira. To sauran fa? Turmin Danya, da ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko na Hausa a Kano, a 1990 ya fito. Daga lokacin zuwa yau an yi finafinai ba adadi a kaset da faifai. Kaset kuwa zafi da ƙura da damina suna cinye shi. Wataƙila a yanzu haka, a ƙarƙashin gadon gwaggonka ko cikin kwalin da ake shirin zubarwa, akwai kwafin ƙarshe na wani fim a duk duniya. Kafin a zubar, ku duba. Ku tambayi tsofaffin masu shagon haya na unguwarku me suka ajiye. Masu fassara finafinai zuwa Hausa kuma, ga ƙoƙon bararmu: a cikin kowane sababbi ashirin, a saka mana tsoho ɗaya. Ku yi tunanin Mandabi da muryar Hausa, ai sai an rufe titi.

Aikin gida na wannan makon mai sauƙi ne. Zaɓi ɗaya tak. In datarka ta yi ƙasa, ɗauki na Buster Keaton. In kana son zuciyarka ta buga, motocin nakiya. In da iyali ne, yaron nan mai littafi. Wasu sai an sha wahalar nema, amma ai mai nema yana tare da samu. In ka kalla, ka ba wani labari, don ta haka ne fim yake ci gaba da numfashi. Ku kuma rubuto mana tsohon fim ɗin da ku kuka sani mu ba mu sani ba, musamman wanda kuka ji a bakin iyaye.

Nan za mu dasa aya.